Farfesa Ya Saita Get

"Wai shi Farfesan nan na sama, wace jami'a ce ta ba shi farfesancin, ko a shagon gyaran waya ake rabawa?"

Nas ce ta yi wa Mai Aski wannan tambaya a tsakar gida, ni kuwa ina bayan zanin gadon da nake shanyawa, ba su san ina wurin ba. Farfesan da ake magana mijina ne. Na tsaya cak, na ƙi motsi, don in na fito ni kunya za ta kama, ba su ba.

Mai Aski ya ce, "Ni na ba shi. Ya zo aski ya kama yi mini bayanin yadda wuta ke shiga injin aski, tun daga ƙeya har muka iso goshi bai rufe baki ba. Da na gama na ce, Farfesa, tashi haka nan. Shi ke nan ya naɗe sunan ya tafi da shi gida."

Gidan da muke haya bene ne. Mu ne a can ƙoli, ciki da falo. Nas, ma'aikaciyar asibiti, tana hawa na tsakiya. A ƙasa akwai Gwaggo, tsohuwa mai ɗinki, wadda kowa ke kira Gwaggo har waɗanda suka girme ta. Mai Aski yana da ɗaki kusa da nata, aikinsa kuma a wata 'yar rumfa yake yi a bakin get, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi. A jikin get ɗin akwai shago guda da ya daɗe a rufe. Mai Aski ya yi shekaru yana lallaɓa Mai Bene, wato mai gidan, ya ba shi. Mijina ma ya ƙyalla ido a kansa, wai ofis zai buɗe.

Shi dai aikinsa gyaran waya ne a shagon wani, kuma ya iya, ban raina masa ba. Abin da ya ɓata shi wani darasi ne da ya yi ta kallo a waya, na yadda ake koya wa kwamfuta gane abubuwa. Da ya gama suka turo masa takardar shaida. Ya buga ta, ya sa mata gilashi, ya sauke hoton aurenmu daga bango ya rataye ta a wurin.

Ana nan sai aka sace injin jan ruwa na gidan, da rana tsaka, saboda wani ya fita ya bar get a buɗe. Mai Bene ya zo yana faɗa, kowa ya sunkuyar da kai. Sai mijina ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, makulli ya zama tsohon yayi. Ka ba ni dama in sa wa get ɗin nan ido da ƙwaƙwalwa. Ɗan gida ya zo, ya gane shi, ya gaishe shi, ya buɗe masa. Baƙo ya zo, ya yi masa ihu."

Mai Aski ya ce, "Ai wannan kare ake ce masa, kuma ana samu kyauta."

Mai Bene bai yi dariya ba. Mutum ne mai son a ce gidansa ya fi na kowa. Ya shafa gemu ya ce zai sa a kawo injin da ke jan get da kyamara, sauran aikin na mijina ne. Ƙarshen wata zai zo ya gani da idonsa. In ya yi, shago na Farfesa ne. In bai yi ba, a wurin zai miƙa wa Mai Aski makulli.

Washegari mijina ya je ya ajiye aikinsa.

Na ce a hankali, "Da ka bari sai an ba ka shagon."

Ya ce, "Ke, mutumin da zai koya wa ƙarfe sanin ɗan Adam ba ya zama yana hure wa wayoyin mutane ƙura."

Aka fara da ɗaukar hoto. Ya jera mutanen gida a gaban get wata safiya, kowa ya tsaya ya yi masa hotuna a jere, ƙyas ƙyas ƙyas. Gwaggo daga barci aka taso ta, hamma take yi tun daga hoton farko har na ƙarshe. Nas ta dawo daga aiki ana yayyafi, da farin kayanta da lema a buɗe. Mai Aski yana sanye da wata jar riga, tawul a kafaɗa, ya juya wuya yana zagin wani mai babur da ya watsa masa ruwa. Ni na sunkuyar da kai, don ban iya kallon kyamara ba. Sannan ya ɗauki muryarsa da kansa, irin muryar masu karanta labarai, yana cewa, "Barka da zuwa, Gwaggo. Barka da zuwa, Nas," har ya gama da kowa, ya sa a lasifika.

Da yake ba ni da wurin gudu, ni ce ɗalibarsa. Ina tsinke ganye a ƙasa, yana bisa kujera yana bayani. Karatuna bai yi nisa ba, amma ga abin da na fahimta. Ita kwamfutar ba ta zuwa da sanin kowa. Hotuna ake nuna mata ta yi ta canka, in ta yi kuskure ta gyara kanta, a hankali har ta gane. Amma kafin a fara, akwai wasu lambobi da mutum ke saitawa da hannunsa, su ne ke faɗa mata yadda za ta yi koyon. Ɗaya na saurin koyo ne, wato girman gyaran da za ta yi duk sa'ad da ta yi kuskure. Ɗaya na yawan bita, sau nawa za ta bi ta kan hotunan. Akwai kuma na mantuwa, wai da gangan ake sa ta riƙa manta wani abu kaɗan don kada ta yi hadda. Waɗanda suka haɗa manhajar sun bar lambobinsu a kowane gurbi.

Na ce, "To ai sun hutar da kai."

Ya dube ni kamar na zubar da miya a gado. "Waɗannan na malalata ne. Dubi saurin da suka sa, sifili, ɗigo, sifili, sifili. Wannan koyo ne ko jinya? Na'urata a gidan masu ƙwaƙwalwa ta tashi."

Ya goge, ya zuba mata sauri har iyakar abin da gurbin zai ɗauka.

Akwai wani layi da ke fitowa a fuskar kwamfutar, ya ce na kuskure ne, in yana gangarowa ƙasa to koyo yana kyau. Namu bai gangaro ba. Ya yi sama, ya faɗo, ya sake tsalle ya fi na da, kamar kwaɗo a kan kasko.

Na ce, "Haka ake so ya yi?"

"Zumuɗi ne. Yaro mai kaifin kai haka yake, ba ya zama wuri ɗaya."

Aka haɗa da get. Nas ce ta fara zuwa. Lasifika ta ce da muryar mijina, "Barka da zuwa, Mai Aski." Get ya fara buɗewa. Ta sa ƙafa, sai ya canza ra'ayi, ya ce, "Barka da zuwa, Gwaggo," ya dawo da gudu. Ta janye ƙafar, amma ya cafke lemarta ya lanƙwasa ta gida biyu. Ya sake ta, ya sake cafkewa. Ta tsaya riƙe da mariƙin kawai, ta ɗaga kai ta kalli tagarmu. Na saki labule.

Ta ce, "Farfesa, sauko ka gabatar da ni ga ɗalibinka, da alama ba mu saba ba."

Ya leƙa ya ce, "Tafiyarki ce ta yi sauri. Ki riƙa ba ta lokaci."

"Allura ma ina ba ta lokaci. Ka zo asibiti ka gani."

Ya dawo ciki yana cewa jahilci ciwo ne. Amma ya zauna ya rage saurin. Da yake shi ba ya taɓa yin abu rabi, sai ya jera sifili a bayan ɗigon nan har suka fita daga gurbin. Wannan karon layin ya kwanta a sama ya miƙe, bai ko girgiza ba. Fankar kwamfutar ta yi ta kuka kwana da kwanaki, ɗaki ya ɗau zafi, na koma shanya ɗankwalina a bayanta. Get kuwa ya daina buɗe wa kowa. Mutum ya tsaya a gabansa, ya yi shiru yana kallonsa kamar ana binsa gaisuwa. Ni na zama get ɗin. Duk wanda ya dawo sai ya ƙwala kira, "Amarya!" in sauko daga ƙoli in zare sakatar ciki, in koma, kafin in zauna wani ya kira. Ƙafafuna suka yi tsami.

Mai Aski ya ce, "Farfesa, wannan fasahar ta yi. Ta gane fuska, ta iya gaisuwa, har tana da ɗankwali. Sai dai sadaki ka biya kafin ka samu."

Mijina ya ce, "Nazari take yi. Masu zurfin tunani ba sa gaggawar magana."

"Shi ya sa na san kai ba ka cikinsu."

Daga nan ya dawo da saurin wani wuri a tsakiya, bisa tsautsayi, ya juya kan yawan bita. Ya ce matsalar yaran zamani rashin maimaici ne. Ya kashe mantuwa gaba ɗaya, ya ce a gidansa ba a mantuwa. Ya sa ta bi ta kan hotunan nan sau dubbai. Layin ya gangaro, ya gangaro, har ya kwanta a ƙasa. Ya gwada ta da hotunan da ya koya mata da su, ta cinye duka. Ya fito baranda da singileti yana shela, "Ɗari bisa ɗari! Ku fito ku ga ilimi."

Gwaggo ta dawo daga sayen zare, ta tsaya a gaban kyamara. Shiru. Ta matsa kusa, ta ja baya, ta cire tabarau, ta mayar. Can jiniya ta ɗauka, wiii wiii, muryar mijina tana cewa, "Baƙo! Baƙo!"

Gwaggo ta ce, "Ni ce baƙuwa? Ina gidan nan aka sa wa get ɗin nan fenti na farko."

Ta tsaya faɗa da ƙarfe har ta gaji. Gajiyar ce ta sa ta yi wata doguwar hamma. Nan take jiniya ta ɗauke. "Barka da zuwa, Gwaggo." Get ya buɗe lafiya lau kamar an shafa masa mai.

Ashe ba fuskar Gwaggo na'urar ta koya ba, hoton ta haddace. A wurinta Gwaggo ita ce baki a buɗe. Kafin yamma kowa ya gano nasa. Nas ba ta shiga sai da fararen kaya da lema a buɗe, ga shi lemar ta karye, sai ta riƙa ɗaga gawarta a ka, rana na ƙwallewa. Mai Aski kuwa sai da jar riga da tawul, ya karkace wuya yana zagi. Ya gwada karkacewar ba zagi, ta ƙi. Don haka kullum da yamma za ka ga magidanci ya tattara kayan askinsa, ya shiga bayan rumfa ya sauya riga, ya zo gaban gidansu ya juya wuya ya zagi iska, a ce masa barka da zuwa. Yaran layi suka fara taruwa tun kafin lokacin. Ranar da ya wanke jar rigar, jiƙaƙƙiya ya sa ta.

Ni ce kawai ban sha wahala ba, don dama kaina a sunkuye yake.

Shi kansa mai aikin ya je aski a wani wuri, don ya daina zama a kujerar abokin takararsa. Ya dawo ƙwal, get ya yi masa ihun baƙo da muryarsa. Ya tsaya yana gardama da kansa a bainar jama'a, har na sauko na zare sakata.

Mutanen gida suka hau sama suka same shi. Gwaggo ta zauna a kujerarmu tana haki.

"Ɗan nan, haƙarƙarina ciwo suke. Jiya na yi hamma a get har muƙamuƙina ya maƙale, sai da Nas ta mayar mini."

Ya ce, "Gwaggo, laifinku ne. Na'ura tana son tsari. Ku mutane kullum sai kun canza kama. Yau wannan riga, gobe waccan."

Nas ta ce, "Wanka ma mu daina?"

"Ban ce ba. Amma ku yi shi iri ɗaya."

Mai Aski ya zagaya yana kallon takardar shaidar da ke bango. Ya ce, "Wannan ita ma a gaban kyamara ka yi hamma suka ba ka?"

Da suka fita ya ce ya gano bakin zaren, hadda ce ta yi yawa, maganinta mantuwa. Ya ɗauko lambar mantuwa daga sifili ya kai ta kusa da ƙarshe. A lokaci guda kuma ya taɓa saurin, ya taɓa bitar, ya taɓa wasu biyu da bai taɓa gaya mini sunansu ba.

Na ce, "In ka taɓa duka, yaya za ka san wanda ya yi aikin?"

Ya ce, "Ke da kike zuba gishiri da barkono da mai a tukunya ɗaya, wa ya tambaye ki?"

A raina na ce, ni ai ina ɗanɗanawa kafin in ƙara.

Sabuwar na'urar ta zama mai faran-faran da jama'a. Duk abin da ke da sama da ƙasa ɗan gida ne. Ta buɗe wa mai kawo gas, ta buɗe wa tukunyar gas ɗin daban. Ta buɗe wa masu tallar katifa. Wani baƙin kare ya zo wucewa ya tsaya yana sosa kunne, ta ce masa, "Barka da zuwa, Mai Aski," ya shigo ya kwanta a ƙofar Gwaggo kamar ya biya haya. Mai Aski ya ɗaga tsintsiya a gaban kyamara ya kifa mata bokiti, ta ce, "Barka da zuwa, Farfesa." Ya yi ta maimaitawa, kwastomominsa suna biyan kuɗin aski suna ƙin tafiya.

Wata ya kusa ƙarewa. Ina lura Mai Aski ya fara auna ƙofar shagon da taku, yana nuna wa mutane inda zai kafa madubi. Mijina ya rame. Abinci sai in ajiye in ɗauke. Ni ma tsoro ya kama ni, don babu shago, babu aiki, kuma ban san da wane baki zan gaya wa gidanmu ba.

Sai wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, kwamfutar ta mutu. Hannunsa na gyara yana nan, ya buɗe cikinta ya tayar da ita, amma duk saitinsa ya tafi. Dole ya sake zuba manhajar sabuwa. Hotuna kuwa yanzu sun yi yawa, don kyamarar ta yi makonni tana tara mutanen gida a kowane hali, suna faɗa, suna hamma, da lema, ba lema, da safe, da yamma. Ya kwashe duka ya zuba. Ya danna mata ta fara don kawai ya ga ko tana da rai, bai taɓa lamba ko ɗaya ba, ya ɗaure kai da tawul ya kwanta da ciwon kai. Ina guga ina satar kallon layin. Yana saukowa a hankali, kamar mai ciki a matakala. Da ya kai wani wuri na'urar ta tsaya da kanta.

Get ya fara aiki. Gwaggo ta zo baki a rufe, ya gaishe ta. Nas ta zo da kayan gida, ya gane ta. Mai Aski ya zo da shuɗiyar riga, wuyansa a miƙe, ya buɗe masa, ya shiga yana waiwaye kamar wanda aka yi wa wayo. Kare ya zo aka yi masa ihu. Tsintsiya da bokiti ma aka yi musu ihu. Mai Aski ya daina auna ƙofa. Nas ta gamu da ni a matakala ta ce, "Sannu matar Farfesa," kuma ba ta yi dariya ba. Ni har na fara tunanin kalar labulen da zan sa a shagon.

Shi kaɗai ne bai yi murna ba. A waje yana buga ƙirji, yana cewa wani sirrin lissafi ne ya haɗa wanda ba a koyarwa a ko'ina. A ɗaki kuwa sai ya zauna ya zuba wa lambobin nan ido, irin kallon da mutum ke yi wa ɗan da aka ce nasa ne amma ya ɗebo kamar maƙwabci.

Ranar da Mai Bene zai zo, ya sa kwat ɗin aurenmu tun da safe. Na kawo masa shayi na tsaya a bayansa. Ina gani ya kai hannu gurbin saurin koyo, ya goge sifili biyu.

Na ce, "Ba yana aiki ba?"

"Yana aiki irin na kowa. Ni so nake ya yi aiki irin nawa. Ɗan gishiri kawai zan ƙara."

Wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar yana tambayarsa wani abu. Ya danna bai karanta ba. Layin ya fara tsallen kwaɗo. Ya rufe kwamfutar da sauri, ya shanye shayin a tsaye, ya ce in goge masa takalmi.

Mai Bene bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da wani amininsa mai gidajen haya, don ya nuna masa. Mutanen layi sun cika bakin get, har da masu hawa kan rumfar Mai Aski. Ni ina daga ciki, a bayan tankin ruwa, inda nake ganin komai ta ramukan ƙarfe. Mijina, shi ma daga cikin get, ya yi jawabi mai tsawo a kan makomar ɗan Adam, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, bismillah, matso ta gaishe ka."

Mai Bene ya gyara hula, ya shafa gemu, ya tsaya a gaban kyamara yana murmushi.

Muryar mijina ta fito tangaran. "Barka da zuwa, Gwaggo."

Aminin ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Mijina ya ce, "Wasa take yi maka. Na sa mata barkwanci kaɗan. Sake tsayawa."

"Barka da zuwa, Gwaggo."

Aminin ya matso don ya gani, shi ma ta ce masa Gwaggo. Direbansu ma, Gwaggo. Mai Aski ya zo ya rusuna a gabanta, Gwaggo. Wata mota ta wuce a titi, Gwaggo. Mai Aski ya juya ya ce wa jama'a, "Jama'a, ashe duk layin nan 'yan uwa ne ta wajen uba."

Get ya buɗe rabi. Mai Bene, don a rufe maganar, ya kutsa kai zai shige. Yana tsakiya get ya dawo ya kama bayan rigarsa, rabinsa a ciki, rabinsa a waje. Ya ja, riga ta ce ƙyat. Hularsa ta faɗo ciki ta gangaro har gaban ƙafata. Na rasa ko in ɗauka ko in bari, sai na bari.

Ita kuma Gwaggo ta gaskiya, da ta ji ana ta kiran sunanta, ta ratsa taro daga baya tana cewa, "Wa ke nemana?" Tana isa gaban kyamara jiniya ta ɗauka. "Baƙo! Baƙo!" Ta buɗe baki ta yi mata hamma, irin ta da, har da ƙari. Jiniyar ta ƙara ƙarfi.

Mijina ya haye sama da gudu don ya dawo da saitin jiya. Ina jin takunsa, sannan na ji shiru. Ashe tambayar da akwatin nan ya yi masa ita ce ko a goge tsohon koyon a ɗora sabo a kansa, shi kuma ya ce e. Ya leƙo ta baranda kwat ya jiƙe da gumi, ya ce, "A ba ni zuwa jibi!"

Mai Bene, a maƙale, ya ce, "Sauko ka cire ni, ko in sa a cire ka."

Sakata ta ƙi zaruwa saboda injin ya danne ta. Sai da aka kira mai walda ya kwance injin, aka zare Mai Bene kamar ƙaya. Bai ko karɓi hularsa ba. Ya laluba aljihun abin da ya rage na rigar, ya ciro makullin shago, ya danƙa wa Mai Aski a gaban kowa.

Mai Aski ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Gwaggo."

Har Mai Bene sai da ya kusa yin dariya, ya fasa, ya shiga mota.

Mijina ya tsaya a kan matakala ya ɗaga hannu. "Kowa ya saurara. Jiya na'urar nan lafiyarta ƙalau, duk kun shaida. An shiga an taɓa mini saiti. Maƙiya ne, kuma sai na gano ko wane ne." Ya kafe Mai Aski da ido.

Mai Aski ya ce, "Ni? Ni da ko agogon wayata ban iya gyarawa ba, tun bara yake gaba da awa ɗaya?"

Abin mamaki, maganar ta shiga. Nas ta ce gaskiya jiya ta yi aiki, ita shaida ce. Gwaggo ta ce duniya ta lalace, mutum ya yi abin kirki a bi shi a ɓata. Kafin la'asar labari ya zaga layi cewa Farfesa ya haɗa abin da ya fi ƙarfin wasu, shi ya sa aka yi masa zagon ƙasa. Har wani ya ce ya ga baƙuwar fuska da jaka a matakala.

A ɗaki ya cire kwat ya zauna a bakin gado. Sannan ya ɗago ya tambaye ni.

"Ke kina ɗakin nan tun safe. Kin ga wani ya shigo?"

Na ce, "Ban ga kowa ya shigo ba."

Ya kalle ni, na kalli farcen ƙafata. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Ƙwararre ne ke nan." Can kuma ya ce, "Ki goge mini rigar nan ta shagon waya. Gobe zan leƙa su, na ji an ce tun da na tafi abubuwa suka rikice musu. Shawara kawai zan ba su."

Na jona abin guga. Daga ƙasa ina jin Mai Aski yana jan bencinsa zuwa cikin shago yana waƙa, Gwaggo kuma tana ƙwala mini kira in sauko in ba ta labarin mai jakar nan. Na san in na sauka za ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, Nas ta kawo kujera, su sa ni a tsakiya. Na shimfiɗa rigar, na yayyafa mata ruwa, na yanke a raina cewa sifili biyun nan babu mai jin labarinsu daga bakina, ko Gwaggo, ko Nas, ko uwar da ta haife ni.